Sha'awar Ɗalibi a Mizanin Jami'a

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na sakandare a ƙasar Amurka, ya kuma ɗaura niyyar neman gurbi a ɗaya daga cikin manyan jami'o'inta, to bayan ya gabatar da sakamakon karatunsa na sakandare, bayan malamansa da jami'in ba da shawara na makarantarsu sun rubuta masa takardun shaida, da sauran tambaya guda tana jiransa, wadda ba a karantar da amsarta a aji, ba a kuwa samunta a littafi. Ana so ya faɗi ko shi wane ne, da abin da ya ɗauke masa hankali cikin al'amuran duniya, da yadda tunaninsa ya sauya tsakanin ranar da ya shiga makaranta da ranar da zai fita. Zai amsa ne a rubuce, cikin kalmomin da ba su wuce 650 ba, a wata takardar nema ta haɗin gwiwa mai suna Common Application, wadda kwalejoji 15 suka assasa a 1975, yau kuwa makarantun da ke karɓarta sun haura dubu. An shimfiɗa masa mas'aloli bakwai ya zaɓi ɗaya: ko ya ba da labarin asalinsa da wata baiwa tasa, ko wata faɗuwa da ya taɓa yi da darasin da ya tsinta a cikinta, ko lokacin da ya tuhumi wani ra'ayi da ya taso a kansa, ko wani fanni wanda in ya duƙufa a kansa rana kan faɗi bai sani ba, da makamantansu. A gefe kuma akwai gurabe goma inda zai jera ayyukan da yake yi bayan an tashi daga aji, da yawan sa'o'in da kowanne ke ci masa a mako.

Hujjar masu wannan tsari ba ta da wuyar fahimta. A 2022 jami'ar Harvard ta karɓi takardun nema fiye da 61,000, ta ɗauki ƙasa da 2,000, alhali cikin waɗanda aka mayar akwai dubbai da babu aibi ko ɗaya a sakamakonsu. Idan kuwa mutum goma suka zo da maki iri ɗaya, kujera ɗaya ce tak, tilas a nemi wani abin da zai rinjayar da mizani. Sa'an nan jami'a a wurinsu gari ce guda, inda matasa za su zauna shekara huɗu suna kwana suna tashi tare, kowa yana ƙaruwa da ɗan'uwansa, don haka suke son a tara mai kiɗa da mai lissafi, da ɗan manomi da ɗan gudun hijira, maimakon a cika aji da mutane masu kama ɗaya. Ya kamata mai karatu ya san cewa galibin jami'o'in Amurka suna ɗaukar fiye da rabin masu nemansu, wannan tsananin zaɓe na 'yan ƙalilan ne, sai dai su ne ake jin amonsu a duniya, su kuma saura ke kwaikwayo.

Amma wanda ya bi salsalar al'amarin zai iske ba da wannan kyakkyawar niyya aka fara shi ba. Har zuwa farkon ƙarni na ashirin, Harvard da Yale da Princeton jarrabawa suke yi, galibinta a kan Latin da Girkanci da lissafi, wanda ya ci, mahaifinsa kuma yana da halin biya, ya shiga, babu mai tambayarsa abin da yake sha'awa. Sai 'ya'yan Yahudawan da suka yi hijira daga gabashin Turai, waɗanda da yawa iyayensu teloli ne da ƙananan 'yan kasuwa a New York da Boston, suka kama karatu da himmar wanda ba shi da wani gado sai shi, suka yi ta cin jarrabawar, har adadinsu a Harvard ya tashi daga wajen kashi 7 cikin ɗari a 1900 zuwa sama da kashi 21 a 1922. Shugaban jami'ar na wannan zamani, Abbott Lawrence Lowell, ya nemi a yanke musu kaso a bayyane, kada su wuce 15 cikin ɗari, aka ƙi amince masa, domin abin ya yi muni a idon jama'a. Da ƙofa ta ƙi buɗuwa sai aka bi ta taga. Aka soma tambayar mai nema addininsa, da garin da aka haifi mahaifinsa, da ko iyalinsu sun taɓa canza suna. A 1926 aka ƙayyade adadin sababbin ɗalibai a dubu ɗaya, aka ce daga yanzu za a duba hali da dacewa tare da maki, aka nemi hoto da takardun shaida daga waɗanda suka san yaro. Kafin Lowell ya sauka a 1933 adadin Yahudawa ya koma wajen kashi 15 ɗin da ya nema tun farko, ba tare da an rubuta dokar a ko'ina ba. Masanin zamantakewa Jerome Karabel ne ya tono wannan tarihi daga ma'ajiyar takardun jami'o'in uku, ya tara shi a littafinsa The Chosen na 2005.

Ba lalle ba ne abin da aka haifa cikin zalunci ya dawwama a kansa, gama wannan hanyar ce dai aka bi daga shekarun 1960 aka shigar da baƙaƙen fata da sauran waɗanda aka daɗe ana rufe wa ƙofa, har Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Bakke ta 1978, ta haramta yanke kaso amma ta halatta a duba launin fata a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da yawa, alƙali Lewis Powell kuwa ya buga misali da tsarin Harvard. Abin lura shi ne ɗabi'ar ma'aunin kansa: maki ana ƙidaya shi, wanda aka zalunta a kansa yana da abin nunawa gaban alƙali, hali kuwa ba ya ƙidayuwa, saboda haka yana ba mai zaɓe iko mai faɗi wanda yake iya karkata shi ga alheri ko ga sharri ba tare da an kama hannunsa ba. Wannan ya sake fitowa fili a shari'ar da aka yi da Harvard a Boston a 2018, inda takardun cikin gida suka nuna Harvard na ba kowane mai nema daraja daga 1 zuwa 6 a fuskoki huɗu, watau karatu, da ayyukan wajen aji, da wasanni, da hali, kuma 'yan asalin Asiya, waɗanda suke gaba a karatu, su ne suke baya a darajar hali, a hannun mutanen da galibi ba su taɓa ganin fuskarsu ba. Alƙaliyar farko ba ta sami jami'ar da laifin ganganci ba, amma a watan Yuni na 2023 Kotun Ƙoli ta soke duba launin fata ɗungurungum, sai dai babban alƙali John Roberts ya bar kafa ɗaya, cewa ɗalibi yana iya bayyana a rubutunsa yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa, matuƙar an ɗaura shi a kan wata jarumta ko himma tasa shi kansa. Da haka nauyin da ke kan waɗannan kalmomi 650 ya daɗa ƙaruwa.

To, da zarar mutane sun san ana auna sha'awa, sai sha'awa ta zama haja. Akwai sana'a sukutum a Amurka, da ma Sin da Indiya, ta masu ba da shawara da ake biya dubban daloli, waɗanda kan karɓi yaro yana da shekara goma sha huɗu su tsara masa abin da zai zama yana so, su zaɓar masa wasan da ba a cika gasa a cikinsa ba, su kafa masa ƙungiyar agaji wadda ba ta wuce shafin intanet ba kuma takan mutu ranar da takardar shiga ta iso, ko su tura shi wata matalauciyar ƙasa ya yi mako biyu yana shafa wa bangon makaranta fenti, ya komo ya rubuta yadda idonsa ya buɗe. Iyakar wannan ta bayyana a watan Maris na 2019, sa'ad da aka gurfanar da mutum hamsin a badaƙalar wani dillali mai suna Rick Singer, wanda ya karɓi wajen dala miliyan 25 daga hannun attajirai da taurarin fim, yana sayen masu horar da 'yan wasa a jami'o'i, har ana ɗaukar kan yaro a hoto a ɗora bisa jikin wani ɗan wasa don a ce gwani ne a wasan da bai taɓa yi ba. Wannan laifi ne, an kuwa hukunta shi. Abin da ya fi damuwa shi ne wanda babu laifi a cikinsa. A 2023 masana tattalin arziki uku, Raj Chetty da David Deming da John Friedman, sun bincika jami'o'i goma sha biyu mafiya tsananin zaɓe, suka iske ɗan gidan da ke cikin kashi ɗaya bisa ɗari na mafiya wadata ya fi ɗan matsakaicin gida damar shiga fiye da ninki biyu, ko da makinsu na jarrabawa ɗaya ne, kuma manyan dalilan uku ne: fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da gurbin 'yan wasa, da darajar nan ta hali da ayyukan wajen aji. Kafin su, a 2021, wasu masu bincike a Stanford sun nazarci rubuce-rubucen masu nema 60,000 na Jami'ar Kalifoniya, suka ga abin da yaro ke rubutawa ya fi makinsa na jarrabawar SAT nuna arzikin gidansu. Ma'aunin da aka ce zai ceci talaka daga zaluncin jarrabawa sai ga shi ya fi jarrabawar sanin attajiri. Ba mamaki jami'ar MIT ta mayar da wajabcin jarrabawa a 2022 bayan dakatarwar zamanin annobar korona, da hujjar cewa maki na taimaka mata ta gano haziƙin da makarantarsu ba ta da suna, Dartmouth da Yale da Harvard kuma suka bi sahu a 2024. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 kuwa ba wanda ke da yaƙinin wa ya rubuta me, har jami'ar Duke ta daina ba wa rubutun maki.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka tambayar kanta ɓatacciya ce don an ɓata hanyar yinta. Malaman Musulunci sun yi ta tun da daɗewa, sai dai ba a bakin ƙofa suke yinta ba. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda almajiran zaure suka sani daga Sakkwato har Borno, yana da babi a kan zaɓen ilimi da malami da abokin karatu, kuma ra'ayinsa shi ne kada ɗalibi ya zaɓi fanni da kansa shi kaɗai, ya bar wa malaminsa, domin malami ya jarraba mutane, ya fi sanin abin da ya dace da ɗabi'ar kowa; ya ma kawo hikayar cewa Imamul Buhari da fiƙihu ya fara, malaminsa ya lura da shi ya tura shi ga hadisi, ko da yake zamanin Buhari da na malamin da hikayar ta ambata ba su haɗu ba, hikayar dai tana nuna abin da mawallafin ke son koyarwa. Ibnul Ƙayyim, a littafinsa na tarbiyyar yara, Tuhfatul Maudud, ya yi wa iyaye gargaɗi su lura da abin da aka shirya yaro dominsa, in ilimi ne ilimi, in hawan doki da harbi ne a bar shi a kai, in sana'a ce a miƙa shi gare ta bayan ya san farillan addininsa, gama wanda aka tilasta wa abin da ba a yi shi dominsa ba ba zai yi nasara a cikinsa ba, wancan kuma da ya dace da shi ya kuɓuce masa. Bambancin da ke tsakanin wannan da na Amurka babba ne. A nan mai yin hukunci mutum ne da ya zauna da yaro shekaru, ya ga safiyarsa da marecensa, kuma manufarsa ya shiryar da shi. A can baƙo ne mai 'yan mintuna a gaban kwamfuta, da ɗaruruwan takardu suna jiransa, manufarsa kuma ya rage yawa.

Game da abin da Amurkawa ke kira girman hankali, watau yadda mutum ke sauyawa ta dalilin abin da ya same shi, da wuya a sami misalin da ya fi na Sibawaihi. Ya zo Basra don neman hadisi a wurin Hammad ɗan Salama, wata rana yana karantawa ya yi lahani a i'irabin wata kalma, malamin ya gyara masa a gaban jama'a, kunya ta kama shi, ya yi alkawarin zai nemi ilimin da ba wanda zai sake kama shi da kuskure a cikinsa, ya lazimci Halilu ɗan Ahmad, daga ƙarshe ya bar littafin da har yau shi ne uwa a nahawun Larabci. Da a ce yana neman jami'a, wannan ce ƙissar da masu zaɓe ke fatan gani, domin a cikinta akwai faɗuwa, akwai shawarar da aka yanke, akwai aikin shekaru da ya gaskata shawarar. Sai dai a lura, ranar da ya yi kuskuren nan bai san shi masoyin nahawu ba ne. Masana halayyar ɗan Adam na zamaninmu sun iso ga abin da ya yi kusa da wannan: Suzanne Hidi da Ann Renninger sun bayyana a 2006 cewa sha'awa kan bi matakai huɗu, daga wani abu na waje da ya fisgi hankali, zuwa riƙe shi da taimakon malami ko yanayi, har ta kafu ta zama ta mutum wadda ba ta bukatar mai tunzura ta. Ma'ana sha'awa renonta ake yi, kuma tana bukatar lokaci da dama. A Amurka kanta, inda a jami'o'i da yawa ɗalibi ba ya tsayar da fanninsa sai ƙarshen shekara ta biyu, kusan ɗaya cikin uku yakan canza fanni cikin shekara uku na farko. Wanda ya bukaci ɗan shekara goma sha bakwai ya kawo masa cikakken labarin abin da aka halicce shi dominsa, da farko da tsakiya da ƙarshe, ƙarya ya nema, ita kuwa zai samu, an yi mata ado.

Ingila ta ɗauki hanya mafi ƙunci, kuma a ganina mafi gaskiya. Mai nema ta hukumar UCAS yana zaɓen wurare biyar, yana rubuta bayani da bai wuce haruffa 4,000 ba, wanda daga masu shiga a 2026 aka raba shi tambaya uku: me ya sa kake son wannan fanni, yaya karatunka ya shirya ka gare shi, me kuma ka yi a wajen makaranta da ke da amfani a cikinsa. Ba a neman ya buɗe cikinsa, ana neman shaidar cewa mai da'awar son tarihi ya karanta wani abu da ba a tilasta masa ba. A Oxford da Cambridge ma malaman fannin kan zauna da shi su ba shi mas'ala su ga yadda yake tunani, da'awar da aka saya kuwa ba ta jure tambaya ta biyu.

A Najeriya al'amarin ya tafi ɗaya gefen gaba ɗaya. Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, ƙofar jami'a lamba ce: darussa huɗu, Ingilishi wajibi a cikinsu, maki 400, da kiredit biyar a WAEC ko NECO, sa'an nan tantancewar da jami'o'i suka soma yi da kansu tun 2005. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Kusan mutum miliyan biyu ke zama jarrabawar a 'yan shekarun nan, waɗanda ke samun gurbi kuwa ba su kai rabi ba. Babu inda ake tambayar yaro abin da yake so balle dalilinsa, kuma duk mai shawarar a kwaso tsarin Amurka a dasa a nan, ya fara tuna ƙasar da yake ciki. Inda ake fama da takardar babban mutum da wa-ka-sani, har sai da hukumar ta kafa tsarin CAPS a 2017 don ta riƙa ganin kowane gurbin da aka bayar, in aka ce jami'i yana da ikon fifita mai 230 a kan mai 290 saboda hali, to an san halin ɗan wa zai fi kyau. Rubutun kuwa, masu shagon intanet da ke cike wa yara fom za su sa masa farashi tun kafin mako ya zagayo. Lamba makauniya ce, makantarta kuwa ita ce kaɗai garkuwar ɗan talaka.

Illar tamu a wani wuri take. Tun ranar da yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare ake tsaga shi, ko kimiyya ko adabi ko kasuwanci, yana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar, kuma ƙa'idar da ake bi a aikace ita ce mai ƙoƙari ya tafi kimiyya, saura su tafi inda aka ga dama, kamar dai harshe da tarihi da shari'a ba sa bukatar ƙwaƙwalwa. Daga nan darussan da zai zauna a JAMB sun ƙulle, fannonin da zai iya nema sun ƙulle. A gida kuwa sunaye uku ko huɗu ne ke yawo, likita, injiniya, lauya, iyaye kuma ba abin zargi ba ne a nan, gama wanda ya sayar da hatsi ko ya ci bashi ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya tambayi abin da karatun zai haifar. Sai dubbai su nemi likitanci a Zariya da Kano da Sakkwato, inda kujerun ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, waɗanda ba su kai ba a watsa su wasu sassa, shi ya sa in ka tambayi ɗalibi abin da yake karantawa sau da yawa zai ce maka "shi aka ba ni". Wani yakan zauna ya so abin daga baya, ya ma shahara a cikinsa, wannan kuwa yana gaskata maganar cewa sha'awa renonta ake yi; wani ya yi shekara huɗu yana haddar abin da zuciyarsa ba ta ciki, ya karɓi takarda ya ajiye, ya koma ga gyaran waya ko ɗinkin da tun yana aji biyu kowa ya san hannunsa na wurin. Manufar ilimi ta ƙasa ta yi maganar jagoranci da ba da shawara a makarantu tun 1977, amma a makarantun gwamnati da yawa ofishin suna ne kawai, in ma akwai shi. Wurin da tambayar sha'awa ta dace ke nan, a ƙarshen aji uku, a bakin malami da uba da uwa, inda amsarta ba ta sayen kujera, saboda haka ba dalilin yi mata ƙarya.

Saura ɗan ƙasar Hausa da ke neman jami'ar waje, su ma ba kaɗan ba ne, tun da 'yan Najeriya da ke karatu a Amurka sun kai wajen 20,000 a zangon 2023 zuwa 2024, fiye da na kowace ƙasa a Afirka. Shi wannan yana da wahala ta musamman, domin an tarbiyyantar da shi a kan kunya da kawaici, an koya masa cewa yabon kai jahilci ne, ya kuma ji a makarantar Islamiyya cewa riya tana cinye aiki; ga shi yanzu an ce ya zauna ya ba baƙi labarin kansa. Sai ya faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko ya rubuta wa'azi a kan muhimmancin ilimi ga ci gaban ƙasa, wanda babu shi a ciki ko kaɗan, ko ya ji an ce Turawa na son labarin wahala, ya baje talaucin gidansu da asirin iyayensa don a tausaya masa. Malamai sun daɗe da warware mas'alar farko, da suka kafa hujja da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar ya kuma ambaci amanarsa da saninsa, suka ce ya halatta mutum ya faɗi abin da ya iya a wurin wanda bai san shi ba idan akwai bukata, matuƙar gaskiya ce. Abin da yaron bai sani ba shi ne yana da abin faɗa fiye da yadda yake zato. Takardar Common Application tana lissafa ɗawainiyar iyali da aikin neman kuɗi cikin ayyukan da ake rubutawa. Yarinyar da ta yi shekara uku tana riƙe da lissafin adashin mahaifiyarta, da yaron da ke tsaron shago a Kantin Kwari bayan la'asar, da wanda ya haddace izu sittin yana kuma yi wa ƙanana tilawa da asuba, da wanda ya san cutar tumaki tun kafin ta kwantar da su, duk suna riƙe da hujjar naci da amana wadda ba a ƙaga ta don neman gurbi ba, amma sukan bar guraben fayau, suna tsammani sai wanda ya kaɗa piyano.

Inda aka fi samun cikas shi ne takardar malami. An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar zai wanke wani mai ba da shaida, Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa shiga tsakaninsu, da ya amsa babu ko ɗaya sai ya sallame shi a kan bai san mutumin ba. Malamin da ke da yara tamanin ko ɗari a aji ɗaya, in aka ce ya yi tazkiyya, abin da zai iya shi ne layi uku, cewa yaron mai ladabi ne mai ƙwazo kuma ba a taɓa samunsa da laifi ba, irin wadda ake ba kowa ranar sallama. Takwaransa a wata makarantar kuɗi ta Amurka kuwa shafi biyu zai cika da ranar da yaro ya yi masa wata tambaya da abin da ya biyo bayanta. Mai karantawa a can ba shi da hanyar sanin cewa gajartar ta yawan yara ce, sai ya ɗauka ba abin faɗa ne. Ga kuma sha'anin lokaci: wa'adin farko yakan cika a 1 ga Nuwamba, na biyu a farkon Janairu, alhali WAEC sai Mayu da Yuni, don haka wanda ya nema yana aji shida ba shi da sakamakon ƙasa da zai nuna, sai rahoton makarantarsu na aji huɗu da biyar da abin da malamai suka faɗa a kansa. Cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas suna bayyana wa masu nema waɗannan abubuwa, amma yaron da ke Gumel ko Argungu, in yana da wannan buri, sai ya zaɓi malami ɗaya ko biyu tun yana aji huɗu, ya riƙa kai musu abin da ya karanta da abin da ya gagare shi, ya kuma roƙi shugaban makaranta ya haɗa da ɗan bayani a kan yawan ɗalibai da irin kayan aikin da makarantar ke da su.